Kwaɓin wasa mai ƙamshi: abin da za a zuba da abin da za a bari

Tambaya: Wata uwa daga wani ƙauye kusa da Gujungu, a ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa, ta ce ta ga bidiyo a waya ana yi wa yara wani kwaɓi mai laushi, mai launi da ƙamshi, suna mulmulawa suna gina abubuwa da shi. Tana da yaro ɗan shekara 4 da ƙanwarsa 'yar wata 20. Kayan da aka lissafa a bidiyon, wani farin gari mai tsami da ƙananan kwalaben man ƙamshi, babu su a kasuwarsu. Shin za ta iya ɗiga turare ko humra a madadinsu? Garin dawa zai yi? Ga shi kuma uwar mijinta ta ce wannan wasa da abinci ne.

Amsa: Sannu da ƙoƙari 'yar'uwa, Allah ya raya miki su, ya yi musu albarka. Aikina koyar da ajin share fage ne, yaran da ba su isa shiga aji ɗaya ba, kuma wannan kwaɓin yana cikin kayan da muke haɗawa da hannunmu, don na kanti ya fi ƙarfin makarantar ƙauye. Bari in fara da maganar turare, saboda a nan haɗarin yake.

Kada ki zuba turare, ko humra, ko miski, ko man nan mai kafur da ake shafa wa mai mura. Ƙaramin yaro duk abin da ya ji yana ƙamshi sai ya kai baki, kuma idan ƙamshin ya yi masa daɗi ba sau ɗaya zai kai ba. Kafur kaɗan ya isa ya sa yaro jijjiga idan ya haɗiye. Humra kuwa ko mai haɗa ta ba za ta iya gaya miki abin da ke cikin kowace kwalbar da ta tsiyaya ba. Waɗancan ƙananan kwalaben na bidiyo ma da kin same su da na ce ki ajiye, domin mai ne da aka tace daga tarin ganye ko ɓawo, ƙarfinsa ya wuce misali. Man kanumfari da ake ɗiga wa babba a haƙori, idan yaro ya sha shi yana iya taɓa masa hanta. Ƙa'idar da nake bi ita ce duk abin da ba ya shiga tukunyar girkinki, kada ya shiga kwaɓin. Bayan haka kuma ƙamshin ya zama kaɗan, wanda sai an kai hanci kusa za a ji. Masu bidiyo suna gasar wa zai fi ƙamshi, har wasu su sa ya yi ƙamshin alewa. Ni a ganina wannan kiran yaro ne ya zo ya ci.

Shi na kantin, Play-Doh, asalinsa ma ba kayan wasa ba ne. A birnin Sinsinati na Amurka aka fara yin sa don goge baƙin hayaƙin kwal daga takardar da suke liƙa wa bangon ɗaki, sai a 1956 aka fara sayar da shi a matsayin abin wasan yara. Gari ne da ruwa da gishiri tushensa, don haka babu wani sirri da ya fi ƙarfin madafarki.

Ki yi awo da ƙaramin gwangwanin madara. Fulawa gwangwani biyu, ruwa gwangwani biyu, gishiri rabin gwangwani, mai cokalin cin abinci biyu, sai ruwan tsami (na tsamiya ko lemon tsami) cokali uku zuwa huɗu. Ki narka gishirin a cikin ruwan tun yana da ɗumi, ki zuba mai da tsamin, sannan ki barbaɗa fulawar da kika tankaɗe kina damawa har gudaji su mutu, duk wannan kafin tukunya ta hau wuta. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kin sauke girki, wuta ta lafa, saura garwashi. Daga nan aikin tuƙin tuwo ne. Ki riƙe muciya kada ki tsaya. Da farko za ki ga ruwa-ruwa har ki ce ya ɓaci, can sai ya fara kama gindin tukunya, nan da 'yan mintuna ya tattare wuri guda ya saki gefe, ƙyallin jiƙar ya dushe. Ki tsinko kaɗan ki matse tsakanin yatsu biyu. Idan bai bi yatsa ba, ya yi, ki sauke. Ki juye a tire, ya sha iska yadda hannu zai iya taɓawa, ki murza shi sosai. A murzar nan laushin yake fitowa, kuma nan ne mutane ke yin ƙyuiya. Tukunyar kuma ki jiƙa ta nan take, don gishiri da tsami suna cin ƙarfenta idan suka kwana.

Akwai masu kwaɓawa da ruwan sanyi ba tare da dafawa ba. Ban so. Zafi ne ke sa sitacin gari ya kumbura ya riƙe ruwa, shi ya sa dafaffen ba ya manne wa hannu. Sannan ɗanyen gari yakan ɗauko ƙwayoyin cutar gudawa tun daga gona da masussuka, niƙa ba ta kashe su, wuta ce ke kashewa.

Garin dawa, gero ko masara shi kaɗai ba zai yi ba. Alkama tana da wani sinadari mai danƙo, gulutin, wanda ke sa kwaɓi ya miƙe bai tsinke ba, su kuwa waɗannan ba su da shi, da yaro ya mulmula sai ya farfashe. Idan kuna samun alkamar rani irin wadda ake nomawa a Kadawa ko kwarin Haɗejiya, ki niƙa ki tankaɗe da rariya mai laushi, tana yi, sai dai launinta ba fari tas ba. Idan babu alkama sam, ki haɗa garin dawa da garin alabo rabi da rabi. Rogo yana ba da danƙo, amma irin wannan kwaɓin washegari yakan yi tauri, na yini ɗaya ne ko biyu. Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa: kada a niƙa ragowar irin shuka da aka yi wa magani, wanda za ki ga an rina shi ja ko kore, don wai ai ba ci za a yi ba. Hannun da ya murza shi zai shiga baki.

Farin garin nan mai tsami da kika rasa, kirim of tata, daga gangunan sarrafa ruwan inabi ake kankaro shi. Aikinsa ya sa kwaɓi ya yi santsi, ya haɗe jikinsa, ya kuma daɗe bai lalace ba. Sinadarin da ke cikinsa, tatarik, shi ne wanda ke ba tsamiya tsaminta, kuma tsamiya na cikin 'ya'yan itatuwan da suka fi yawansa. Ki jiƙa tsamiya kamar za ki yi kunu, ki tace da kyau, ki ɗebi cokali huɗu. Illarta biyu ce, tana ɗan rina kwaɓin ruwan ƙasa, kuma tana da ɗan zaƙi, don haka kada ki yi ta da kauri. Idan launi mai haske kike so, ki matse lemon tsami ko ki sa ruwan kal.

Mai kuwa, na gyaɗa ko na riɗi duk suna yi. Idan kin taɓa ganin yaron ya yi ƙuraje ko kumburin baki bayan cin gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, ki koma man kaɗanya, ki narka shi tukuna. Man shanu yana saurin sauya wari, ki bar shi.

Yanzu ƙamshi. Hanyar da ta fi tsabta ita ce ki dafa kayan ƙamshin a ruwa, ki tace, ki yi awon gwangwani biyun nan da ruwan. Kanumfari ƙwaya biyar ko shida da ɗan guntun citta sun isa, ki rufe tukunya kada ƙamshin ya bi tururi, ki bari ya huce a rufe. Ki ƙirga ƙwayoyin da kika jefa, ki tabbatar kin tsamo su duka, domin kanumfari guda yana iya maƙale wa yaro a maƙogwaro ko ya tura shi a hanci. Na'a-na'a da ɗoɗɗoya ba sa son doguwar dahuwa. Ki zuba musu tafasasshen ruwa, ki rufe, ki tace. Ƙamshinsu ba ya wuce kwana biyu ko uku, kuma ban ɗauki wannan aibi ba.

Wanda yara suka fi so a ajina shi ne ɓawon lemon zaƙi. Ki kankare saman ɓawon kawai, banda farin ciki, ki shanya a inuwa, ki daka ya yi laushi, ki murza ƙaramin cokali ɗaya a cikin kwaɓin bayan ya huce. Ɗanyen ɓawo ya fi ƙamshi, amma shi ke fara jawo fumfuna. Ɓawon lemon tsami kuwa ki bar shi, don man da ke jikinsa idan ya zauna a fata rana ta buga, yakan bar tabo mai duhu, wani lokaci har da ƙuna, yaranmu kuwa a tsakar gida suke yini. Kirfa tana da daɗin ƙamshi, sai dai tana yi wa fatar wasu yara zafi, rabin ƙaramin cokali ya isa, kuma idan kika ga hannu ya yi ja ki daina. Masoro, kimba da barkono babu su a wannan lissafi, yaro zai murza ido.

Garin ɗorawa yana ba da launi da ƙamshi a lokaci guda, amma zaƙinsa yana kiran kiyashi, yana kuma kiran baki. Haka garin shayi mai koko da sukari. Ni ba na sa su.

A wajen launi, ku mutanen Jigawa ba ku da abin nema, ga zoɓo ana lodinsa buhu-buhu a Maigatari ana fita da shi ƙasashen waje. Ki dafa cikin tafin hannu ɗaya, ki tace, ki yi kwaɓin da ruwan. Shi da kansa yana da tsami, ba sai kin ƙara tsamiya ba. A tukunya ja ne wur, amma idan ya haɗu da fulawa sai ya koma ruwan hoda mai duhu, bayan kwanaki kuma ya dushe. Ga wani abu da ɗan shekara huɗun zai so: ki ɗebi ruwan zoɓon a kofi, ki ɗiga jiƙaƙƙiyar kanwa a gabansa, ya ga jan ya juye ya yi shuɗi-shuɗi ya nufi kore. Launin zoɓo yana sauyawa ne gwargwadon tsamin ruwan da yake ciki. Kurkur ma haka yake, rawaya ne mai kyau, rabin ƙaramin cokali ya isa, idan kanwa ta taɓa shi ya koma ja-ja. Sai dai kurkur yana kama tufafi, a tuɓe wa yaro rigar fita. Manja idan kika sa shi a madadin man gyaɗa yana ba da ruwan goro. Don kore, garin zogale ne, amma kada ki dafa shi tare da kwaɓin, domin zafi da tsami suna kashe korensa ya koma ruwan ƙasa. Ki murza shi a ciki bayan an sauke. Kuka tana sa yauƙi. Baƙi kuwa, gawayin itacen girki mai tsabta, a daka a tankaɗe.

Abubuwa uku ne nake jin mata suna cewa za su gwada, kuma dukkansu a'a. Kwalli ko tozali na dutse yawanci dalma ce a cikinsa, ita kuwa dalma babu ɗan kaɗan ɗinta da ba ya cutar da ƙwaƙwalwar yaro. Mun ga abin da ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinariya da ake dakawa a cikin gidaje ta kashe yara kusan 400. Na biyu lalle. Ban da kama hannu, akwai yaran da aka haifa da ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD, wanda ya yawaita a ƙasar nan musamman a cikin maza, kuma lalle mai yawa a jikin irin wannan yaro yana iya farfasa masa ƙwayoyin jini, idanu su yi ɗorawa. Iyaye da yawa ba su san ɗansu na da shi ba. Na uku garin rinin tufafi na kasuwa da shuɗin wanki. Waɗannan ba a yi su don baki ba.

Sai gishiri, wanda mutane ba sa ɗauka a bakin komai saboda kullum yana cikin miya. Yawancin awon da ke yawo a waya cewa yake gwangwani guda cur a fulawa gwangwani biyu. Ruwa yana narkar da kimanin giram 36 ne na gishiri a kowane mililita 100, don haka ruwan gwangwani biyu ba zai iya shanye gwangwani guda ba. Ragowar tsakuwa ce kawai da za ta riƙa kartar hannun yaro, ba ta ƙara wa kwaɓin kwana. Shi ya sa na ce rabi. Amma ko da rabin, kusan kashi ɗaya cikin shida na nauyin kwaɓin gishiri ne. Curi mai girman ƙaramin lemon tsami yana ɗauke da wajen giram 4, alhali hukumar lafiya ta Ingila ta ce yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 kada ya wuce giram 2 a yini, ɗan 4 zuwa 6 kuma giram 3. Galibi ɗacin gishirin ne ke sa yaro ya tofar tun a lasar farko, wannan ma wani dalili ne na ƙin rufe shi da zaƙi ko ƙamshi mai ƙarfi. Idan lasa kawai ya yi, ki wanke masa baki ki ba shi ruwa, shi ke nan. Idan kuwa ya haɗiyi curi, ko kika ga amai, ƙishirwa mai tsanani, kasala, yawan barci ko jijjiga, ki kai shi asibiti mafi kusa nan take, ki ɗauki ragowar kwaɓin, ki gaya wa ma'aikacin lafiya yawan gishirin da kika zuba. Kada a tura masa yatsa don ya yi amai, kada a ɗura masa manja, kuma kada ki haɗa masa ruwan gishiri da sukari don kin ga yana amai, gishirin ne ya yi masa yawa tun farko.

Saboda haka wannan kwaɓin na yayan ne. 'Yar wata ashirin ɗin har yanzu da baki take sanin duniya, kuma ba za ta zauna tana kallo ba. Ki yi mata nata daban: gari da ruwa da ɗan mai, a dafa, babu gishiri, babu ƙamshi, idan kina so ki sa ɗan zoɓo ko kurkur. Na ranar ne kawai, da yamma ki watsa wa kaji. Shi kuma mai gishirin a fito da shi lokacin da take barci ko tana goye, ko kina zaune a wurin.

Ajiya ta danganta da lokacin shekara. Da hunturu iska na shanye shi cikin ɗan lokaci, sai ki ga ya yi ɓawo, gishiri ya fito fari-fari a samansa. Ki jiƙa hannu, ki ɗiga mai, ki sake murzawa, zai dawo. A lokacin ne kuma hannun yara ke tsagewa, gishiri ya shiga ya yi raɗaɗi, don haka yaron da ke da rauni ko ƙuraje a hannu ya haƙura sai ya warke. Da damina kuwa gishirin ne ke jawo laima daga iska, kwaɓin ya yi gumi ya yi danƙo, sai a barbaɗa gari a murza. Ki ƙulle shi a leda, ki sa a roba mai murfi, ki ajiye a inuwa kusa da randa, inda hannun yara ba ya kaiwa. Da sanyi yakan yi makonni, da bazara da damina ki riƙa dubawa kullum. Da kin ga ɗigon baƙi ko kore, ko warinsa ya sauya, ya ƙare. Kada ki jefa shi a juji. Awaki suna son gishiri, kaji kuma gishiri kaɗan ke kashe su. Ki binne shi ko ki jefa a masai.

Maganar Inna, uwar mijinki, kuwa tana kan hanya, kada ki yi mata gardama. An tashe mu a kan cewa ko ƙwayar hatsi aka gani a ƙasa a ɗauke, kuma a wannan tsadar ba kowane gida ne zai ware fulawa don yara su mulmula ba. Abin da zan ce shi ne gwangwani biyu sun ishi yaran gida guda na tsawon makonni, kuma fulawar da ta daɗe ta fara ƙwari, wadda ba za a yi fanke da ita ba, idan an tankaɗe ta tana yi. Ki nuna mata abin da yaron ke yi da shi. Yatsun da ke tsinka, su mulmula, su murza igiya, su ne gobe za su riƙe alƙalami a kan allo da fensir a kan takarda, kuma a aji muna gane yaron da ya saba aiki da yatsunsa tun ranar farko. Idan duk da haka ranta bai kwanta ba, ki bar fulawa ki koma yumɓu, wanda ita ma da shi ta yi tukwanen wasanta. Ta wani fannin ma ya fi, don abin da aka gina yana bushewa a rana ya zauna. A ɗebo shi daga wuri mai tsabta, nesa da masai da makwantar dabbobi da inda ake haƙar ma'adinai, a tsince tsakuwa da ƙaya, a kwaɓa da ruwan kanumfarin nan idan ana son ƙamshi.

Wasu gidaje ba sa son yara su gina siffar mutum ko dabba. Wannan fage ne na malamai, kuma hadisin 'yan tsanan Nana A'isha sananne ne a wurinsu, sai a tambaye su. Ko ba wannan, abin ginawa ba ya ƙarewa: turmi da taɓarya, rumbu, tukunya da murfinta, mota, tsani. Ana iya murza igiya a lanƙwasa ta ta zama alif da ba, ko 1 da 2, amma banda sunan Allah da ayoyi, tunda abin zai faɗi ƙasa a taka.

Kada ki gina masa ki ce ya kwaikwaya, don da ya ga naki ya fi kyau zai ajiye nasa ya ce ki yi masa. Ki ba shi curi a kan tire, da murfin kwalba, da guntun kara, da tsohon mataji, da cokali, ki zauna gefe da naki aikin kina tambayarsa me yake yi, wanne ya fi tsawo, guda nawa ne. Wake, gyaɗa da duwatsun ado kada su zo wurin muddin ƙanwar tana kusa. A wanke hannu da sabulu kafin a fara da bayan an gama, idan hunturu ne kuma a shafa musu man kaɗanya.